Louis Pasteur: Ɗan majemin da ya tono asirin tsami

A ƙasar Hausa tsami ba baƙo ba ne. Da shi madara ke barci ta zama kindirmo, da shi gasara ke yin ɗanɗanon da ake nema a koko, da shi ƙullun waina ke tashi, da irinsa kuma kalwa ke komawa daddawa. Shi ne dai ke jawo wa mai kunun zaki asara idan rana ta take kafin ta sayar da kayanta. Iyaye da kakanni sun daɗe da iya sarrafa shi da hannu da hanci da ido, sai dai bayanin abin da ke gudana a cikin ƙwarya daga dare zuwa safiya ya jira har tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da wani malamin kimiyya ɗan ƙasar Faransa mai suna Louis Pasteur ya tabbatar da shi da hujjar da ba ta kaucuwa. A kan wannan bayani nasa aka gina masana'antun da a yau ke cika shaguna da yis ɗin burodi da yogot da farin magi da magungunan allura.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Louis Pasteur ranar 27 ga Disamba, 1822 a garin Dole da ke gabashin Faransa, wato shekara biyar bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mahaifinsa, Jean-Joseph Pasteur, tsohon soja ne da ya yi yaƙi a rundunar Napoleon, wanda bayan an sallame shi ya koma sana'ar gidansu ta jima. A 1827 iyalin suka kafa majema a bakin wani rafi a garin Arbois, kuma a nan yaron ya tashi cikin warin fata da ruwan jima, a yankin da kusan kowa ke noman inabi.

Babu wanda ya hango malanta a tare da shi tun farko. Ɗalibi ne matsakaici, mai jinkirin ba da amsa, wanda ya fi shahara da zane. Hotunan iyayensa da na maƙwabta da ya zana yana saurayi suna nan har yau. Da ya ci jarrabawar kimiyya a 1842, makin da aka ba shi a fannin haɗa sinadarai bai wuce na tsaka-tsaki ba. A wannan shekara ya samu gurbi a babbar makarantar horar da malamai ta birnin Paris, amma da ya ga ya zo na 15, sai ya ƙi shiga, ya koma ya ƙara shekara guda yana karatu, ya dawo ya zo na huɗu. Wannan naci shi ne halin da ya bi shi har kabari. Ya kammala digirinsa na uku a 1847.

Gishiri mai dama da hagu

Aikin da ya fara fito da sunansa ya shafi wani sinadari mai tsami da ke taruwa a gindin gangar ruwan inabi, wanda shi ne kuma ke ba tsamiyarmu ta kunu tsaminta. Masana na lokacin sun rasa gane dalilin da ya sa ake samun nau'i biyu na wannan sinadari, iri ɗaya a awo da haɗi, amma ɗaya yana karkatar da haske idan ya ratsa shi, ɗaya kuwa ba ya yi. A 1848 Pasteur ya zauna da madubin ƙara girma da matsefata yana duba ƙwayoyin gishirin da ke fita daga nau'i na biyu, sai ya lura kashi biyu ne: wasu sun karkata dama, wasu hagu, kamar tafin hannun mutum biyu. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya ware, ya ga kowane kashi yana karkatar da haske zuwa nasa ɓangaren, idan an gauraya su kuma sai su kashe juna.

Daga nan ya ɗauki wani tunani da ya zama jagoransa: sinadarin da ya fito daga jikin abu mai rai yakan zo da hannu guda, na dama ko na hagu, wanda aka haɗa a ɗakin gwaji kuwa yakan zo a gauraye. Saboda haka duk inda ya ga sinadari mai hannu guda, sai ya fara neman mai ran da ya yi shi.

A 1849 aka tura shi koyarwa a Jami'ar Strasbourg, inda ya auri Marie Laurent, 'yar shugaban harkokin ilimi na yankin. Ita ce ta zama marubuciyarsa, tana ɗaukar shiftar bincikensa tsawon rayuwarsu.

Kukan ɗan kasuwa

A 1854 aka naɗa shi shugaban sabuwar tsangayar kimiyya a Lille, birnin masana'antu da ke arewacin Faransa, tare da umarnin a kusanto da karatu ga buƙatun masu sana'a. Shekara biyu bayan haka wani mai masana'anta da ake kira Bigo, wanda ɗansa ɗalibin Pasteur ne, ya kawo kukansa. Yana tatsar sifirit daga ruwan wata saiwa mai zaƙi da Turawa ke yin sukari da ita, amma sau da yawa sai gangunansa su juya su yi tsami, jarinsa ya bi ruwa, ba tare da an san dalili ba.

A wancan zamani maganar Justus von Liebig, babban masanin sinadarai na Jamus, ita ce ke tafiya. A ganinsa tsimuwa da ruɓa rugujewar sinadarai ce kawai, yis kuma mataccen abu ne da ke wargajewa yana jan sukari tare da shi. Wasu masana uku, Cagniard-Latour da Schwann da Kützing, sun riga sun faɗa tun wajen 1837 cewa yis halitta ce mai rai, amma an mayar da su abin dariya.

Pasteur ya ɗebo ruwa daga ganga mai lafiya da ganga mai ciwo ya sa a ƙarƙashin madubi. A mai lafiya ya ga ƙwayoyin yis kewayayyu suna tsiro suna hayayyafa. A mai ciwo ya ga wasu halittu dabam, ƙanana ƙwarai, masu siffar guntun tsinke. Ya ɗebi ɗan kaɗan daga cikinsu ya zuba a ruwan sukari mai tsabta, ya ajiye a wuri mai ɗumi. Kashegari sun yi yawa, ruwan kuma ya koma tsami irin na nono. A 1857 ya gabatar da wannan sakamako a wata gajeriyar takarda a Lille, wadda masana da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin ilimin ƙananan halittu na zamani.

Abin da takardar ta ƙunsa mai sauƙin faɗi ne. Kowane irin tsami yana da halittar da ke yin sa. Halittar tana cin sukari ne don ta rayu, abin da take fitarwa kuma shi ne tsamin ko iskar da ke kumbura ƙullu. Idan wadda ake so ta riga kama wuri, kaya sun yi kyau. Idan baƙuwa ta riga ta, an yi asara. Matar da ke zuba ɗan ragowar nonon jiya a dafaffiyar madarar yau tana shuka iri ne, kamar yadda manomi ke yi, ko da ba ta ganin irin da idonta. A 1861 ya ƙara gano cewa akwai halittun da ke rayuwa ba tare da iska ba, har ma iskar ce ke kashe su, abin da ba a taɓa tsammani ba.

Kwalba mai wuyan zalɓe

Sai wata tambaya ta taso: daga ina waɗannan halittu ke zuwa? Tun zamanin da, mutane da yawa sun ɗauka ruɓa ce ke haifar da su da kanta, kamar yadda ake zaton tsutsa daga nama take fita. Wani masani mai suna Félix Pouchet ya tsaya kai da fata a kan haka.

Pasteur, wanda a lokacin ya koma tsohuwar makarantarsa ta Paris a matsayin mai kula da karatun kimiyya, ya sa aka yi masa kwalabe masu dogon wuya a lanƙwashe kamar na zalɓe. Ya zuba romo a ciki ya tafasa, ya bar bakin a buɗe. Iska tana shiga, amma ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar wuyan. Romon ya yi watanni bai lalace ba. Da ya karya wuyan kwalba, ko ya karkata ta romon ya taɓa ƙurar, cikin kwana ɗaya ko biyu sai ya gurɓace. A 1860 ya hau tsaunukan ƙanƙara na Alps da kwalabe 20 ya buɗe su a can inda iska ba ta da ƙura, guda ɗaya tak ta lalace. A 1862 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta ba shi kyauta a kan wannan aiki, ta kuma zaɓe shi cikin mambobinta.

Wannan gwaji shi ne tushen duk wata dokar tsabta da ake bi a masana'antar abinci: abin da aka tafasa aka kuma rufe daga ƙura da hannu da ƙuda ba ya juyawa da kansa.

Khal da maganin zafi

Masu yin khal a birnin Orléans su ma sun amfana. Ya nuna musu cewa ɗan yaɗin da ke kwanciya a saman ganga wata halitta ce da ke buƙatar iska, kuma idan aka shuka ta da gangan aka daidaita mata ɗumi, aikin makonni zai ragu ƙwarai.

A 1863 Sarki Napoleon na Uku ya nemi ya duba abin da ke lalata giyar inabin Faransa, wadda take cikin manyan kayan da ƙasar ke fitarwa, musamman zuwa Ingila. Giya haramtacciya ce ga Musulmi, amma maganin da ya fito daga wannan bincike ya tsallake ta ya shiga abincin kowa. Pasteur ya gano cewa ba sai an tafasa abu ba kafin a kashe halittun da ke ɓata shi. Ɗumama shi zuwa tsakanin digiri 50 da 60 na ɗan lokaci ya isa, ɗanɗano kuma bai tafi ba. Ya yi rajistar wannan hanya a 1865. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya riga shi adana abinci a kwalba ta hanyar dafawa tun farkon ƙarnin, sai dai bai san dalilin da ya sa hakan ke aiki ba.

Ba Pasteur ne ya kai hanyar kan madara ba. Wani Bajamushe mai suna Franz von Soxhlet ne ya ba da shawarar hakan a 1886 don kare jarirai. Duk da haka sunan Pasteur aka laƙaba wa aikin, kuma daga sunansa aka ciro kalmar da ake bugawa a jikin kwalin madara da robar yogot. Ƙa'idar da ake bi a yau ita ce digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, wanda ke kashe ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na cutar da ke sa su ɓari, waɗanda duka suna kama mutum ta ɗanyar madara.

Shekarun jarrabawa

Ɗaukakar ta zo masa tare da rashi. Cikin 'ya'yansa biyar, mata uku sun rasu suna ƙanana: Jeanne a 1859 da Cécile a 1866, dukansu da zazzaɓin taifot, sai Camille a 1865, shekarar da mahaifinsa ma ya rasu. A daidai wannan lokaci gwamnati ta tura shi kudancin ƙasar don ceto sana'ar siliki daga wata annoba da ke kashe tsutsar da ke saƙa zaren. Ya yi kusan shekara biyar a kai, har ya koya wa masu kiwon yadda za su duba uwar da madubi su zubar da ƙwan wadda ta kamu.

A watan Oktoban 1868, yana da shekara 45, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki na hagu. An ɗauka ya gama. Ya tashi yana jan ƙafa, hannun hagu kuma bai ƙara yi masa aiki sosai ba, amma ya ci gaba da bincike shekara ashirin da hannun mataimakansa. Yaƙin Faransa da Jamus na 1870 ya ƙona masa rai har ya mayar wa Jami'ar Bonn digirin girmamawar da ta ba shi.

Daga ganga zuwa jiki

Tunanin da ya fara a masana'antar Bigo ne ya kai shi asibiti: idan ƙaramar halitta za ta iya sa wa ganga ciwo, me zai hana ta sa wa jiki? Likitan fiɗa na Birtaniya, Joseph Lister, ya karanta aikinsa a kan ruɓa, ya fara wanke rauni da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyi, mace-macen bayan tiyata suka ragu.

Pasteur da mataimakansa, Émile Roux da Charles Chamberland, sun gano cewa ƙwayar cuta da aka raunana tana koya wa jiki kare kansa. A watan Mayun 1881 suka yi gwajin rigakafin ciwon saifa na dabbobi a bainar jama'a a ƙauyen Pouilly-le-Fort. An yi wa rabin garke allura, an bar rabi, sannan aka sa wa duka cutar. Ranar 2 ga Yuni tumakin da ba a yi wa allura ba suna mace ko suna gargara, waɗanda aka yi wa kuma suna tsaye. Cutar ba tarihi ba ce a Najeriya, domin ko a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja.

Ranar 6 ga Yuli, 1885 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa cizo da yawa. Pasteur ba likita ba ne, don haka likita ne ya riƙa yin allurar, sau 13 cikin kwana goma sha ɗaya. Yaron ya rayu. Gudummawar da ta kwararo daga ƙasashe bayan wannan ita ce aka gina Cibiyar Pasteur da ita, aka buɗe ta a Paris ranar 14 ga Nuwamba, 1888.

Halinsa da kurakuransa

Pasteur mutum ne mai tsanani da son gardama, wanda ba ya yafe wa abokin hamayya. Taurin hannunsa a kan ɗalibai na cikin abin da ya jawo rikicin da ya raba shi da muƙaminsa na makarantar Paris a 1867. Ya nemi kujerar majalisar dattawa a 1876 ya sha mummunan kaye. Ya kuma umarci iyalinsa su ɓoye littattafan da yake rubuta gwaje-gwajensa. Jikansa ne ya miƙa su ga ɗakin karatu na ƙasa a 1964, kuma da masana tarihi suka bi su, sun ga cewa allurar da aka yi amfani da ita a Pouilly-le-Fort an raunana ta ne da sinadari, hanyar da ta fi kusa da ta wani abokin gasarsa mai suna Toussaint, ba da iska ba kamar yadda ya bar jama'a suka ɗauka.

Ko a kan tsami, gaskiyarsa ba ta cika ɗari ba. A 1897 Eduard Buchner ya niƙa yis ya tace ruwansa, ya nuna ruwan kaɗai yana iya tsima sukari ba tare da ƙwaya mai rai ba. Ashe halittar ce ke ƙera sinadarin da ke yin aikin. Pasteur da Liebig kowannensu ya riƙe wani ɓangare na amsar.

Bai ga wannan ba. Ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895 a wajen birnin Paris yana da shekara 72, shekara takwas kafin Turawan Ingila su ci Kano da Sakkwato. Kabarinsa yana cikin cibiyar da ke ɗauke da sunansa. Reshenta na Dakar a Senegal yana cikin 'yan wuraren da ke yi wa duniya allurar rigakafin shawara.

Abin da aka gina a kan aikinsa

A 1883 Emil Hansen, a birnin Kopenhagen, ya ware ƙwayar yis guda ɗaya ya hayayyafa ta, aka samu iri tsantsa da ke ba da sakamako ɗaya kullum. Jikokin wannan dabara ne mai gidan burodi ke saye a leda. Daga 1919 aka fara samar da sinadarin tsamin lemo da ake zubawa a kayan sha ta hanyar ciyar da wani nau'in fumfuna da sukari. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu bincike a garin Peoria na Amurka suka gano cewa ruwan da aka jiƙa masara a ciki, ɗan'uwan ruwan da ake tsiyayewa daga gasara, yana ninka yawan maganin fenisilin da fumfuna ke bayarwa. A tsakiyar shekarun 1950 wani kamfanin Japan ya gano bakteriyar da ke mayar da sukari sinadarin ɗanɗano, kuma da ita ake yin farin magi daga rake ko rogo ko masara. A 1982 aka amince da insulin na masu ciwon sukari wanda bakteriya ke yi a cikin tanki.

Idan aka duba kayan da waɗannan tankuna ke ci, za a ga duk na gida ne. Mairuwa da ke Ƙaramar Hukumar Faskari, kusa da Funtuwa, tana tsakiyar yankin da ya shahara da noman masara a Jihar Katsina, tare da Sabuwa da Ƙanƙara da Ɗandume. Akwai madatsar ruwa, akwai shanu, akwai ɗorawa. Matan yankin suna dafa kalwa su surfe su wanke su sake dafawa, su rufe ta kwana biyu ko uku har ta yi yauƙi da ƙamshi. Binciken da aka yi a jami'o'in Najeriya a shekarun 1980 ya nuna wata bakteriya ce ke yin wannan aiki, kuma cikin abin da take sakewa daga kalwar har da sinadarin da ke cikin farin magi. Wato mai daddawa da kamfanin Japan abu ɗaya suke nema. Bambancin shi ne ɗaya yana da tsantsar iri da ma'aunin zafi da tanki mai tsabta, shi ya sa kayansa na yau daidai suke da na gobe, har su yi shekara a kanta. Ɗayar kuwa ta dogara da ƙwarewar hannu da yanayin gari.

A yanzu masarar yankin tana fita a buhu, madarar da ba a sayar da safe ba tana iya lalacewa kafin la'asar, rashin tsaro kuma ya ƙara wa manoma da makiyaya nisa da kasuwa. A ɗaya gefen Najeriya tana kashe fiye da dala biliyan ɗaya a shekara wajen shigo da madara da dangoginta, kamar yadda hukumomi suka sha bayyanawa. Cibiyoyin da za su iya cike wannan giɓi suna nan: ta binciken dabbobi a Shika kusa da Zariya, ta lafiyar dabbobi a Vom, da ta binciken masana'antu a Oshodi. Tarihin Pasteur ya nuna yadda irin wannan aiki ke farawa. Mai masana'anta ne da ke asara ya taka zuwa jami'a da kukansa, malamin da ya tarar kuma ya ajiye alli ya bi shi har bakin ganga.